SHAFEN ƊAKI: RUWAN HODA IRI BIYU NE, A DUBA KAFIN A SAYA

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, ƴan ci-rani sun aiko da abin da Allah ya hore musu. Yanzu ne lokacin gyaran gida. Daga Madawa zuwa Buza, daga Buza zuwa Keita da Tamaske, duk garin da ka shiga sai ka tarar ana kwaɓa ƙasa, ana yaɓe, ana shirin ɗakin amarya. A ƴan shekarun nan kuwa wani launi ya shigo gari ya kama zuciyar mata da samari, wato ruwan hoda mai haske, fari ne da aka ɗan ɗiga wa ja.

To, abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, ruwan hodar nan ba ɗaya ba ne. Iri biyu ne ke yawo a kasuwanninmu da gidajenmu. Na farko shi ne wanda jansa ya fito daga ƙasa. In ka dube shi da kyau yana ɗan karkata wajen rawaya, kamar bayan sabuwar randa. Mu kira shi mai ruwan randa. Na biyu shi ne wanda jansa ya fito daga ƴar kwalbar kala ta kanti, wadda ake tsiyayawa cikin farin fenti. Shi kuma yana karkata wajen shuɗi-shuɗi, kamar ɓawon ciki na albasar Galmi. Mu kira shi mai ruwan albasa.

A cikin bokiti, ko a kan ɗan katin da mai kanti ke nuna maka, sai ka rantse uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. A bango kuwa, bayan wata uku, ko yaro ya san ba ɗaya ba ne. Kuma kuɗin da ke ciki ba na wasa ba ne. Wani gumin da ya yi rani guda a Abijan ko Legas ne ya shiga bokitin nan. Saboda haka ya kamata mu zauna mu duba su ɗaya bayan ɗaya.

INDA KOWANE YA FITO

Mu mutanen Adar da Majiya Allah ya ajiye mana fari da ja a ƙofar gida. Duk wanda ya bi gindin duwatsun Keita ko na Buza ya ga farin dutse a kwance, hawa-hawa. Masana ƙasa sun ce teku ta taɓa kwanciya a nan shekaru miliyoyi da suka wuce, shi ya sa makiyaya ke tsintar duwatsu masu siffar katantanwa a wurin. Irin wannan farin dutse ne ya sa aka kafa masana'antar siminti a Malbaza tun shekarun 1960. In kana son ka gane shi, daka ɗan kaɗan ka ɗiga masa ruwan lemun tsami, za ka ga yana kumfa. A bisa farin dutsen kuma ga jar marmara ta rufe kan tudu. Jan nan ba wani abu ba ne illa tsatsar ƙarfe, irin wadda ke kama tsohuwar hauya. Rana ba ta cinsa. Tun kakanninmu rana ke dukan duwatsun nan, ba su koɗe ba.

Farar ƙasa ita ma kashi biyu ce, kada a haɗa su. Akwai ta rami, wadda mata ke haƙowa su jiƙa su tace su shafa da tsumma. Ita ba a ƙona ta ba, shi ya sa take bin rigar wanda ya jingina, sai fa an jiƙa ƙaro an zuba mata don ta kama. Akwai kuma ta buhu, wadda masu faransanci ke ce wa lasho. Ita farin dutse ne aka ƙona a wuta mai zafin da ya kai wajen digiri 900, sannan aka kashe shi da ruwa. In an shafa ta a bango tana shan iska a hankali, har ta koma dutse kamar yadda ta fito. Wannan ita ce mai ƙarko. Ko ta rami ko ta buhu, in ka dama jar ƙasa mai laushi ka tace ta da ƙyalle ka zuba, mai ruwan randa ke nan ya fito.

Mai ruwan albasa kuwa ɗan kanti ne. Farin fenti in aka zuba masa ja zalla na kwalba, dole ya yi sanyin ido ya karkata wajen shuɗi. Haka halin jan yake. Wasu ma na ƙara masa ƴar bula, wai don ya yi tsabta, sai ya ƙara komawa albasa sosai. Mai kantin da ya san aikinsa yana iya ɗiga masa rawaya ya jawo shi kusa da randa, amma sai ka roƙa. Sannan a kiyaye wannan: jan kwalba da yawa ba ya jure kaifin lasho. Wanda ya ce bari ya rage kuɗi, ya sayi lasho ya zuba mata jan kwalba, sau da yawa kafin wata biyu bangon ya yi dabbare-dabbare, nan fari nan ja. Jar ƙasa ce ke zama lafiya da lasho.

Ga wani abu da ke ruɗin mutane ranar shafe. Farar ƙasa tana jiƙe duhu gare ta, tana bushewa sai ta yi haske ƙwarai. Uwar gida ta ga ja ya yi yawa a bokiti, hankalinta ya tashi, ta ƙara fari, gobe ta tashi ta tarar bango kusan fari fat. Fentin ruwa, wanda ƴan kasuwa ke ce wa fom, shi kuma yakan ɗan ƙara duhu in ya bushe. Ke nan launi biyu da suka yi daidai a bokiti, ɗaya ya yi gabas ɗaya ya yi yamma a bango. Ba a yanke wa shafe hukunci yana jiƙe.

FITILA DA ƘURA

Ɗakunanmu na karkara taga ƙarama gare su, wasu ma babu. Hasken rana ta ƙofa yake shiga, bayan ya bugi rairayin tsakar gida. Rairayin nan ja-ja ne, saboda haka da rana duk biyun suna ɗaukar ɗumi, bambancinsu ba ya fita sosai. Da dare ne asiri ke tonuwa.

Fitilar kananzir haskenta rawaya ne. A ƙarƙashinta mai ruwan randa sai ya ƙara nuna, ya yi kamar gaban murhu, mai ruwan albasa kuwa ya dushe ya yi toka-toka. Amma yau gida nawa ne ke kunna kananzir? Fitilar batir da ta sola sun cika ƙauyuka, kuma yawancinsu haskensu fari ne mai ɗan shuɗi. A ƙarƙashin irin wannan haske mai ruwan albasa yana ƙara shuɗi, ɗaki ya yi sanyi kamar ɗakin likita, fuskar mutum ma ta canza. Mai ruwan randa shi ne ke komawa ruwan hoda na gaskiya, irin wanda amarya ta gani a ranta tun farko. Mu da ke karantar da manya da dare mun san darajar bango mai haske: fitila ɗaya a ɗaki mai farin bango ta fi biyu a ɗakin da aka bari da baƙin yaɓe. Kuma kunama ko sauro in ya lafe a bango mai haske ba ya ɓoyuwa. A nan duk biyun sun yi, muddin ba a cika musu ja ba.

Sai maganar ƙura. Daga watan Nuwamba har Fabrairu iskar hunturu na kaɗowa daga arewa maso gabas, ba ta neman izinin shiga ɗaki. Tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro a kwarin Majiya don a karya ƙarfinta, aikin raya karkara na Keita kuma da aka soma a 1984 ya ɗaure tuddai da yawa da duwatsu da itatuwa. An samu sauƙi, gonaki sun huta, amma ƙura ba ta ƙare ba. Ƙurarmu kuwa ja-ja ce mai rawaya. In ta sauka a kan mai ruwan randa, ɗan uwanta ta tarar, ido ba ya saurin ganinta. In ta sauka a kan mai ruwan albasa sai ta fito fili kamar dauɗa, musamman a saman ƙofa da bayan gado da inda aka jera kwanoni. Gaskiya ne fenti mai kyau ana iya goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, farar ƙasa kuwa ba a goge ta. Amma wace mace ce, bayan daka da ɗiban ruwa da itace, za ta tsaya wankin bango kowane mako?

BANGO SHI KE DA MAGANA

Duk abin da muka faɗa a baya na ido ne. Wannan kuwa na aljihu ne, kuma shi ya fi girma.

Ginin ƙasa yana numfashi. Da damina yana shan laima daga ƙasa da kuma gefen gabas inda ruwa ke dukansa, da rani ya fitar da ita. Farar ƙasa tana barin laimar nan ta wuce, domin ita ma ƙasa ce. Fenti kuwa fata yake yi a kan bango. Fentin mai ya fi tsanani, domin shi ba ya barin komai ya wuce. Laima ta taso daga gindin bango, ta nemi hanya ta rasa, sai ta taru a bayan fatar. Daga nan fenti ya kumbura, ya tsage, ya ɓare, ya taho da yaɓen da ke bayansa. Duk wanda ya shiga ɗakunan da aka yi wa haka a Bangi ko Sabon Gida ko Karofane bayan damina biyu ya ga abin: daga ƙasa zuwa gwiwa bango ya zama kamar jikin mai ƙyasbi. Mai ɗaki ya ce an sayar masa da jabu. Wani lokaci jabun ne. Amma sau da yawa fentin ba shi da laifi, an ɗora shi ne inda ba wurinsa ba.

Saboda haka ni a ganina, wanda ɗakinsa na ƙasa ne da yaɓen ƙasa, kada ya wahalar da kansa. Mai ruwan randa na farar ƙasa shi ne nasa. Ba kuma abin kunya ba ne. Masallacin Yama, nan cikin jiharmu ta Tawa, da ƙasa magini Falke Barmu ya gina shi a 1962, kuma a 1986 ya samu lambar yabo ta Aga Khan, wadda ake ba fitattun gine-gine na duniyar Musulmi. Baƙi na zuwa daga nesa su ga ƙasar da wasunmu ke gudu.

Wanda kuma ya yi yaɓen siminti, ko ginin bulo, shi yana da zaɓi. Fentin ruwa zai zauna masa shekaru. Amma ya bar simintin ya bushe kamar mako huɗu tukuna, domin sabon siminti yana da kaifi irin na lasho, yana cin launi. Gaggawar biki ita ke ɓata ɗakuna da yawa: an yi yaɓe ranar Litinin, an shafa fenti ranar Laraba, an kawo amarya ranar Juma'a. Kafin a yi suna, fenti ya tashi.

A sani kuma, hanyar nan ba a komowa cikinta da sauƙi. Bangon da aka shafa wa farar ƙasa ana iya kankare shi a sa fenti daga baya. Wanda aka shafa wa fentin mai kuwa farar ƙasa ba ta kama shi, sai an kankare shi tas.

MAGANAR DALMA

A nan ina roƙon iyaye mata su saurara da kyau, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Wasu fentin mai ana sa musu dalma a masana'anta, don launi ya yi kyau ko don ya yi saurin bushewa. An fi samunta a cikin ja da rawaya da ruwan goro. Ba ta da wari, ido ba ya ganinta. Muddin fenti na manne a bango, haɗarin kaɗan ne. Ranar da ya fara ɓarewa ya zama gari, ranar ce matsala ta fara. Yaro mai rarrafe hannunsa na ƙasa, daga ƙasa sai baki. Wasu yaran ma har ɓantarar bango suke yi su ci, kowa ya sani. Dalma in ta shiga jikin ƙaramin yaro tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta rage fahimta, ta rage jini. Yaro ya girma a kai shi lakkol, a ce ba ya ganewa, ba wanda ya tuna da bangon ɗakin uwarsa. Mace mai ciki ita ma tana iya miƙa wa abin da ke cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani awo na dalma a jikin mutum da za a ce ba ya cutarwa.

Maƙwabtanmu na Zamfara sun ga ƙarfin wannan guba a 2010, lokacin da yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Su ba fenti ne ya jawo musu ba, dutsen zinariya ne mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje. Amma gubar ɗaya ce, kuma ta hanyar ƙura ta shiga. Ta fenti ba ta kisa farat ɗaya haka, a hankali take aikinta. Amurka ta hana sa dalma a fentin gida tun 1978, kuma awon da Majalisar Ɗinkin Duniya ke shawartar ƙasashe su kafa shi ne kada ta wuce kashi 90 cikin miliyan.

To, me za mu yi? Farar ƙasa da jar ƙasa ba a sa musu dalma. Fentin ruwa ma ba kasafai ake sa masa ba. Fentin mai shi ne abin tuhuma, kuma shi ne wasu ke so saboda ƙyalli. A duba jikin gwangwani. In na faransanci ne a nemi inda aka rubuta "sans plomb", in daga Najeriya ya zo a nemi "lead free". Wanda ake aunawa a kasuwa cikin kwalba ko gwangwanin da ba rubutu, kada ya shiga ɗakin da yaro ke kwana. Wanda bai iya karanta shi ba ya kawo gwangwanin wurin yaƙi da jahilci, ko ya nuna wa ɗan lakkol. In kuma tsohon fentin mai ne za a kankare, a fitar da yara da masu ciki, a jiƙa bangon kafin a kankare don kada ƙura ta tashi, a tattara ɓawon a kai nesa da gida da rijiya, a wanke hannu da tufafi kafin a taɓa abinci.

ƊAN LISSAFI DA YADDA AKE HAƊAWA

Mu ɗauki ɗaki mai metir 4 tsawo, metir 4 faɗi, metir 3 tsayi. Bango ɗaya 4 sau 3, 12 ke nan. Bango huɗu 48. A cire ƙofa da taga, a ce saura 45. Fenti sai an shafa sau biyu, ya zama 90. Litir ɗaya na fentin ruwa yakan rufe metir murabba'i 8 zuwa 10 a kan siminti mai santsi. Ke nan wajen litir 10 ɗakin zai ci. Bango mai kaushi ya fi haka sha. Wanda ya yi wannan lissafi a gida, mai kanti ba zai ɗora masa abin da ya fi ƙarfin ɗakinsa ba, kuma fenti ba zai yanke masa a tsakiyar bango na uku ba. Yankewar nan mugun abu ce ga ruwan hoda, domin haɗi na biyu ba ya taɓa zama daidai da na farko. A haɗa na ɗaki duka lokaci guda cikin babban mazubi.

Mai lasho kuma ya jiƙa ta tun jiya, ta kwana cikin ruwa. A zuba lasho cikin ruwa, ba ruwa cikin lasho ba. In ɗanyar ce wadda ba a kashe ba, tana tafasa tana fantsama, a ja da baya, a kori yara. Ko wadda aka kashe ma tana cin hannu, ta fi cin ido. In ta faɗa ido a yi ta wankewa da ruwa mai yawa, a tafi likita ba tare da jira ba. Kaurinta kada ya wuce na madara. Mai kauri tsagewa take yi. Jar ƙasa kada ta wuce awo ɗaya cikin goma na lasho, in ta wuce za ta riƙa bin hannu, ruwan hoda mai haske ma bai kai buƙatar haka ba. A auna da gwangwanin tumatir ko da tiya, a rubuta awon a takarda a ajiye, domin farar ƙasa tana son a sabunta ta bayan shekara ɗaya ko biyu, kuma kai ba zai riƙe ba. A yayyafa wa bango ruwa kafin a fara. A shafa siriri sau uku, a bar kwana ɗaya tsakanin kowane shafi. Shafin farko zai yi kamar ba a yi komai ba, kada a karaya.

Kafin a sayi da yawa, a gwada. A shafa faɗin tabarmar salla na kowane launi a bango biyu, ɗaya mai kallon ƙofa, ɗaya a lungu. Kada a sa su jikin juna, a bar tazara. A bar su kwana uku. A duba da hantsi, a duba da la'asar, a duba da dare da fitilar da ake kunnawa a ɗakin, ba tocilar baƙo ba. A ɗauko zanen gado da labule da tabarmar Madawa da za a shimfiɗa a kara a jiki. Kuma a bar mai ɗakin ta faɗi nata, tun da ita za ta wuni a ciki. Mai gida da safe ya fita.

Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne daga Nuwamba zuwa Janairu. Bango ya gama fitar da laimar damina, zafin bazara bai sauko ba. A yi da sassafe ko da yamma, a rufe ƙofa ranar da iska ke tashi da ƙura. Lasho in ta bushe da gaggawa ba ta kama bango, gari take komawa. Wanda bikinsa ya faɗo cikin watan Afrilu ko Mayu, ya ƙara yayyafa ruwa, ya rataya jiƙaƙƙen buhu a bakin ƙofa har shafen ya kama.